Abu Raihan Albiruni, Malamin Da Ya Karanta Tarihin Ƙasa A Bangon Rijiya

 

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako filinmu zai kawo tarihin wani babban malami daga cikin magabata, watau Abu Raihan Muhammadu ɗan Ahmad Albiruni. Dalilin zaɓensa kuwa wata magana ce da ta daɗe tana haɗa 'yan makaranta da iyayensu. Yaro ya tafi makaranta an koya masa cewa hamadar da ba ta da ko ɗigon ruwa a yau, da can teku ce, kuma dutsen da ke bayan gari ya shekara miliyoyi. Ya komo gida ya faɗa, uba ya ce ya rufe bakinsa, wannan zancen waɗanda ba su ba da gaskiya ba ne. Daga nan sai ɗayan biyu, ko yaron ya raina abin da aka koya masa, ko kuwa ya soma zaton addininsa yana tsoron bincike. Kowanne aka samu an yi hasara. Alhali kuwa shekara dubu da suka wuce wani Musulmi, mai lissafin alƙibla da lokutan salla, ya dubi abin da masu ginar rijiya ke fitarwa, ya faɗi wannan magana, ya rubuta ta da Larabci, bai kuwa ga ta taɓa imaninsa ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Albiruni ran 3 ga Zulhajji, shekara ta 362 bayan Hijira, daidai da 4 ga Satumba 973 Miladiyya, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Khuwarizm a wancan zamani. Ƙasar tana bakin kogin da Larabawa ke kira Jaihun, wanda yau ake ce da shi Amu Darya, kudu da tafkin Aral, cikin Uzbekistan ta yanzu. Kalmar birun da Farisanci ma'anarta waje, saboda haka galibin marubuta suka ce laƙabinsa yana nufin mutumin bayan gari.

Ya taso a hannun Abu Nasr Mansur ɗan Iraƙ, wani ɗan gidan sarautar Kath wanda ya ƙware a ilmin hisabi da na taurari, shi ne kuwa ya ɗora shi a kan littattafan Yunanawa da aka fassara tun zamanin Abbasiyawa. Harshen da ya sha a nono Khuwarizmanci ne. Larabci da Farisanci koyonsu ya yi, amma da Larabci ya rubuta kusan dukkan littattafansa, har tsufansa kuma yana fifita shi a kan sauran harsuna wajen ɗaukar ilmi, ko da yake ya koka da sakacin masu kwafar littafi, waɗanda ke zubar da ɗigo da wasali har ma'ana ta ɓace. Yana da shekara 17 ya auna tsayin rana a tsakiyar yini, ya fitar da nisan garinsu daga tsakiyar duniya zuwa arewa.

A shekara ta 995 yaƙi ya tashi, sarkin Jurjaniyya ya ci Kath, gidan da ya goyi Albiruni ya rushe. Ya bar ƙasarsu ya sauka a Rayyu, kusa da birnin Tehran na yau, ba shi da ko anini. Shi da kansa ya ba da labarin wani mai duban taurari da ya raina shi a can saboda talauci, wanda kuma ya komo yana neman abuta bayan da hali ya kyautata. A Rayyu ne ya sadu da Alkhujandi, wanda ya gina wata ƙatuwar na'ura don auna karkatar hanyar rana. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin za mu komo kansa.

Ran 24 ga Mayu 997 aka yi husufin wata. Albiruni yana Kath, Abul Wafa Albuzajani kuma yana Bagadaza, sun riga sun shirya ta wasiƙa kowa ya rubuta lokacin da ya gan shi. Da aka gwada lokutan biyu sai aka sami bambancin kusan awa ɗaya, daga nan suka san nisan biranen biyu ta fuskar gabas da yamma. Bayan wannan ya zauna a fadar Ƙabus, sarkin Jurjan, inda wajen shekara ta 1000 ya wallafa Al-Asarul Baƙiya, littafin da ya tattara yadda al'ummu ke ƙirga watanni da shekaru.

A wannan zango ne ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, wanda a lokacin matashi ne a Bukhara. Ya aika masa da tambayoyi 18, goma daga cikinsu suka ne ga Aristo. Aristo ya kafa hujja da cewa mutanen da sun ga sama kamar yadda muke ganinta, saboda haka ba ta canzawa. Albiruni ya ce wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin duwatsu ma kakanni sun gan su kamar yadda jikoki ke ganinsu, ga shi kuwa alamun sauyi da faruwa a bayyane suke a jikinsu. Tun yana ɗan shekara ashirin da wani abu ke nan ya gane cewa rayuwar ɗan Adam ta yi gajarta ta zama ma'aunin shekarun dutse.

Zamansa a Gazna

Ya koma Khuwarizm ya yi hidima a fadar Jurjaniyya, har shekara ta 1017 da Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasar, ya kwashe malamanta zuwa birninsa, cikin Afganistan ta yau. Albiruni yana cikinsu, ba kuwa da son ransa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a wani ƙauye kusa da Kabul, ba shi da kayan aiki ko ɗaya, sai ya zana rubu'in da'ira a bayan allon lissafi, ya rataya zare da ɗan nauyi, ya auna tsayin rana da shi.

Yaƙe-yaƙen Mahmudu suka buɗe masa hanyar ƙasar Hindu. Ya koyi Sanskrit, harshen littattafan malamansu, ya zauna da su yana tambaya. A ganuwar Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya auna tsawon wani dutse, ya hau kansa ya auna yadda bakin sama ya sunkuya ƙasa da ido, daga waɗannan awo biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. Waɗansu masana da suka juya kamunsa zuwa awon zamani sun sami kimanin kilomita 6,340, awon yau kuwa 6,371 ne.

Littafin da ya shafe mu

A shekara ta 416 bayan Hijira, watau 1025, ya gama littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin. Nufinsa shi ne gyara awon matsayin garuruwa, a ƙarshe kuma ya fitar da alƙiblar Gazna daidai. Amma kafin ya shiga lissafi sai ya tsaya a kan wata tambaya: shin ƙasar nan da muke aunawa haka take tun fil azal, teku a inda take, tudu a inda yake?

Ya fara da aƙida. Duniya fararriya ce, tana da mafari, Allah ne Ya halicce ta. A nan ya saɓa wa masu bin Aristo da ke cewa ba ta da farko. Amma game da yawan shekarun da suka shuɗe tun daga halitta, sai ya ce hankali kaɗai ba ya iya yanke adadinsu, Alƙur'ani mai girma kuma bai ƙayyade su ba. Ya nuna yadda Yahudu da Nasara suka saɓa wa juna a kan adadin da ke hannunsu. Ya ce kwanakin halitta ba za a ƙiyasta su da namu ba, tun da namu da fitowar rana da faɗuwarta ake sanin su, ya kuma kafa hujja da ayoyin da suka ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 da mai tsawon shekara 50,000. To, tun da nassi bai rufe ƙofa ba, abin da ya rage shi ne a dubi alamun da zamani ya bari a jikin ƙasa.

Alama ta farko tsakuwa ce. Akwai manyan duwatsu waɗanda in ka duba da kyau za ka ga tarin tsakuwoyi ne masu santsi, masu launi dabam-dabam, laka da yashi sun ɗinke su sun zama abu guda. Albiruni ya bi labarinsu da baya. Kowace tsakuwa ɓantare ce daga wani dutse da ya riga ta. Ruwa ya mirgina ta har kaifinta ya cinye ta zama mulmulalliya. Sa'an nan ta kwanta a kwari, yashi da laka suka shiga tsakani, aka binne ta, ta sandare. Daga baya kwarin ya zama tudu. Kowane mataki a cikin waɗannan yana bukatar zamani mai tsawo, wanda shi bai ce ga adadinsa ba.

Alama ta biyu ita ce ta rijiya. Ya ce hamadar Larabawa teku ce a da, ta cike. Hujjarsa kuwa abin da ake gani in ana ginar rijiya ko tafki a can: ƙasa hawa-hawa, yashi a nan, tsakuwa a ƙarƙashinsa, laka a ƙasa da ita. Sa'an nan akan fito da duwatsu waɗanda in an fasa su sai a tarar da katantanwa da wuri da wata ƙumba da mutanen wurin ke kira kunnuwan kifi. Waɗansu suna nan yadda suke, waɗansu kuwa sun ruɓe sun bar gurbi a cikin dutsen daidai siffarsu. Ba wanda zai ce wani ne ya binne su da gangan, gama suna cikin tsakiyar dutse. Ya ƙara da cewa ana samun irinsu a Babul Abwab, watau Darband, a gaɓar tekun Kasfiya. Ya kuma lura babu wani Balarabe da ya gaji labarin wannan teku daga kakanninsa.

Alama ta uku daga ƙasarsu ya ɗauko ta. Tsakanin Jurjan da Khuwarizm akwai wata hamadar rairayi, wadda yau ake kira Karakum. A tsakiyarta ma ana samun duwatsu masu kunnuwan kifi. Sai ya haɗa wannan da abin da ya karanta a littafin Baɗlimus, cewa a zamaninsa kogin Jaihun a tekun Kasfiya yake zubawa, alhali a zamanin Albiruni arewa ya nufa, wajen tafkin Aral. Ya bayyana yadda kogin ya toshe hanyarsa, ya karkata, ya yi tafki a nan, ya bar wancan ya bushe, garuruwa suka rayu a inda ya bi, suka mutu a inda ya bari. Wannan tsohon kwari yana nan har yau a ƙasar Turkmenistan, ana kiransa Uzboi.

Alama ta huɗu ita ce ta fi kusa da batun yanayi. Ya ruwaito daga Abul Abbas Al-Iranshahri cewa ya ga kututturan dabino a wata ganuwa kusa da Sirjan, cikin ƙasar Kirman, alhali a lokacin babu dabino mai rai sai an yi tafiyar farsakhi 20 daga wurin. Dabino itacen zafi ne. In an ga gindinsa a inda sanyi ba ya barinsa ya rayu, to, wurin ne ya sauya, da yana da zafi ya komo mai sanyi. A kan wannan ƙa'ida masu binciken yanayin zamanin da suke tafiya har gobe: kowane tsiro da kowace dabba suna da irin zafi da ruwan da suke bukata, saboda haka ragowarsu shaida ce a kan yanayin da suka rayu a ciki.

Wajen shekara ta 1030, a littafinsa kan ƙasar Hindu, ya kawo alama ta biyar. Ya lura cewa duk zurfin da aka haƙa a filin Hindu mulmulallun duwatsu ake samu. Kusa da tsaunukan arewa, inda ruwa ke da ƙarfi, manya ne. In aka yi nisa, inda ruwa ya lafa, sai su ƙanƙance. A bakin teku kuwa sun zama yashi. Ya ce wanda ya yi tunani a kan wannan da wuya ya kasa yarda cewa filin nan teku ne da koguna suka cike da abin da suke ɗaukowa.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa ba shi kaɗai ya yi irin wannan tunani ba. Waɗansu Yunanawa sun riga shi lura da katantanwar teku a kan tudu. Ibn Sina ya yi babi a kan samuwar duwatsu cikin Kitabus Shifa, wanda aka juya zuwa Latin wajen shekara ta 1200. A ƙasar Sin, wajen 1088, Shen Kuwo ya ga gorar da ta zama dutse a yankin da gora ba ta fita, ya ce yanayin wurin ne ya canza. Abin da ya bambanta Albiruni shi ne yadda ya jera shaidu daga wurare dabam-dabam, na ido da na littafi, ya kuma tsaya inda shaidarsa ta tsaya.

Abin da bincike ya ƙaro bayansa

Abu biyu suka gagari zamaninsa, watau adadin shekaru da musabbabin sauyi. Na farko ya samu a ƙarni na 20, da aka gano cewa waɗansu sinadarai a cikin dutse da ƙashi suna rikiɗa a hankali bisa ma'auni tabbatacce, har a iya lissafa shekarun abu daga abin da ya rage a cikinsa. Da wannan aka kai ga cewa ƙasa ta shekara kimanin miliyan 4,500.

Tekun da ya hango a ƙarƙashin hamadar Larabawa masana suna kiranta Tetis. Dutsen da ke riƙe da man fetur a filin Gawar na Saudiyya a gindin wannan teku ya kwanta, shekara wajen miliyan 150 da suka wuce. Ƙasar Hindu kuwa tafiya ta yi ta yi zuwa arewa har ta yi karo da Asiya, kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tekun da ke tsakani ta rufe, gindinta ya ɗaga ya zama tsaunukan Himalaya. Kan dutsen Eferes, wanda ya fi kowane tsawo a duniya, dutsen gindin teku ne mai ɗauke da ragowar halittun ruwa. Shi kansa jerin tsaunukan da Nandana take ciki cike yake da gishirin wata teku da ta ƙafe sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, ana haƙarsa har yau a Khewra. Albiruni ya zaci nauyin ƙasa ne ke gusawa daga wani sashe zuwa wani, ruwa ya bi shi. Wannan bayani an bar shi, motsin manyan faifayen ɓawon ƙasa ya maye gurbinsa, amma abin da ya gani da idonsa yana nan daram.

Ban da tsohuwar teku, an kuma gano cewa hamadar Larabawa ta sha yin kore a zamunna na kusa. A 2018 aka ba da labarin ƙashin yatsan mutum mai shekara kimanin 85,000 da aka samu a Alwusɗa cikin hamadar Nafud, a gurbin wani tafki, tare da ƙasusuwan dorina. A 2020 kuma aka bayyana sawun mutane da na giwaye da na raƙuma a busasshen taɓon wani tafkin, masu shekara wajen 120,000. Dorina ba ta zama sai inda ruwa ke kwana shekara. Masu karatu za su tuna da hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ambaci komawar ƙasar Larabawa makiyaya da koguna a ƙarshen zamani. Fi'ilin da aka yi amfani da shi a Larabci yana ɗaukar ma'anar komawa ga halin da, yana kuma ɗaukar ma'anar zama kawai, saboda haka ya kamata mai wa'azi ya faɗi duka biyu.

Musabbabin wannan zuwa da komowar ruwa shi zai mai da mu ga Alkhujandi. A shekara ta 994 ya auna karkatar hanyar rana ya sami daraja 23 da daƙiƙa 32 da 'yan kai, ƙasa da abin da magabata suka samu, sai ya ce karkatar raguwa take yi. Albiruni ya yi shakkar awon, domin kafar da haske ke shiga ta cikinta a saman na'urar ta ɗan nutse, shi ya riƙe daraja 23 da daƙiƙa 35. Lissafin yau ya nuna adadin Albiruni ya fi kusa da daidai, amma hukuncin Alkhujandi shi ne gaskiya. Karkatar tana raguwa, yanzu tana daraja 23 da daƙiƙa 26, tana kuwa kai da komo tsakanin wajen 22 da 24 da rabi a kowace shekara 41,000. Wani masani ɗan ƙasar Sabiya, Milankobic, ya lissafa yadda wannan da waɗansu sauye-sauyen tafiyar ƙasa kewaye da rana ke canza rabon zafi, a 1976 kuma lakar da aka haƙo daga gindin teku ta gaskata shi. In zafin bazara ya ƙaru a arewacin duniya sai iskar damina ta ƙara kutsawa cikin hamada. Dubi ikon Allah: malamai biyu suna jayayya a kan daƙiƙa uku, ashe mabuɗin tambayar dabinon Kirman da makamantanta yana kusa da hannunsu.

Mu ma nan wannan shaida tana ƙarƙashin ƙafarmu, domin wani reshe na tekun Tetis ya ratso Sahara har ƙasar Sakkwato. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina cike yake da katantanwar teku mai shekara wajen miliyan 60, a yankin Goronyo kuma aka sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, har masana suka sa mata sunan garin. A 1987 wani makiyayi yana ginar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a zurfin mita 5, awo ya nuna ya kai shekara 8,000, watau zamanin da tafkin Cadi ya ninka na yau sau da yawa. Da Albiruni zai ga wannan rijiya da ya san karatunta.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan rasuwar Mahmudu a 1030, Albiruni ya wallafa wa ɗansa Mas'udu babban littafinsa na taurari, Alƙanunul Mas'udi. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa sarki ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali, ya ce ba shi da bukatarta. A zamanin Maududu ya rubuta Aljamahir kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya auna nauyin kowanne a kan na ruwa da wani tulu da ya ƙera. Na ƙarshe shi ne Assaidana kan magunguna, wanda ya yi yana da shekara sama da 80, ido da kunne sun raunana. A jerin da ya rubuta da kansa a 1036 ya lissafa littattafansa 113, masana sun kai su wajen 146, amma ashirin da 'yan kai suka iso gare mu.

Bai tsira daga masu ƙyamar ilmi ba. Ya ba da labarin wani da ya ƙi amfani da na'urar sanin lokutan salla don an rubuta watannin Rumawa a jikinta, yana ganin koyi ne da kafirai. Albiruni ya tuna masa cewa Rumawa ma suna cin abinci, ko shi ma za a bari don kada a yi kama da su.

Yaƙut Alhamawi ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je gaishe shi yana gargarar mutuwa. Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta gadon kakanni mata da suka taɓa tattaunawa. Malamin ya ji tausayinsa, ya nuna masa ba lokacin wannan ba ne. Shi kuwa ya nuna masa cewa ya bar duniya yana sane da mas'alar ya fi masa ya bar ta yana jahiltarta. Malamin ya warware masa, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi a gidan. A Gazna ya rasu. Tsofaffin littattafai sun ce a 440 bayan Hijira, watau 1048, masu bincike na baya kuwa sun kai ta bayan 1050 saboda abin da ke cikin Assaidana.

Akwai abin lura a ƙasar haihuwarsa. A 1960 tafkin Aral shi ne na huɗu a girma a duniya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 68,000. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da ruwan Jaihun da na ɗan'uwansa Saihun zuwa gonakin auduga, tafkin ya yi ta ja da baya, har a 2014 sashensa na gabas ya ƙafe ƙaf. Garin Moinak, wanda da tashar masunta ne, ruwa ya bar shi da nisan sama da kilomita 100, jiragen kamun kifi suna kwance a kan rairayi, katantanwa warwatse a ƙarƙashinsu. Teku ta zama tudu kamar yadda ya rubuta, sai dai wannan karon cikin rayuwar mutum ɗaya, da hannun mutane kuma. Sanin yadda ƙasa ke sauyawa a hankali bisa tsarin da Allah Ya ɗora ta shi ke sa a gane sauyin da ɓarnar ɗan Adam ta gaggauta.

Saboda haka, ya kai uba, in ɗanka ya zo maka da labarin tekun da ta zama hamada, kada ka kore shi. Ka gaya masa wani malaminmu ya faɗi haka tun 1025, a cikin littafin da ya rubuta don neman alƙibla. Kai kuma ɗalibi, ka koyi ladabin Abu Raihan: ka riƙe cewa duniya halittar Allah ce, ka faɗi abin da shaida ta nuna, ka kame bakinka daga abin da ba ta kai ba. In kuma ana ginar rijiya a unguwarku, ku je tare ku dubi abin da guga ke fitarwa.

Allah Ya jiƙan Abu Raihan, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya amfane mu da ilmin da ya bari.